Ranar da Barau Ya Kauce wa Katafila

Ni Taiba, in dai raba faɗa ne, na san yadda ake yi. A zaunar da mutum biyu, a nemo mai laifi, a wanke shi tas, ya sunkuyar da kai ya ba da haƙuri, kowa ya kama gabansa. Haka na tashi na gani a Garbadu, haka kuma na yi niyyar yi wa ƙanena Barau da ɗansa Nasidi. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne na rasa wanda zan wanke a cikinsu. In na kwanta da cewa uban ne mai laifi, sai in tashi da cewa ɗan ne.

Nasidi ɗan farin Barau ne, shi ya sa ana yaye shi aka kawo mini, ya tashi a ɗakina. Kowa ya san kunyar ɗan fari a wurinmu. Uba ba ya kiran sunansa, ba ya yabonsa, ba ya kallonsa ido cikin ido a gaban mutane, in sun haɗu a hanya sai ya ratse. To, ta Barau ta fi ta kowa. Wasu iyayen in yaro ya yi gemu sukan ɗan sassauta, shi kuwa kamar ana ƙara masa. Ko aikensa zai yi, yaron yana tsaye a gabansa, sai ya juyo wurina ya ce, "Yaya, a hwaɗa ma ɗan naki shi kai jakin ga rahi." Ni kuma in juya in faɗa wa wanda ya riga ya ji da kunnensa. Haka muka yi ta yi har yaron ya zama magidanci a jiki.

Da aka fara aikin dam ɗin Bakolori, Nasidi ya samu shiga kamfanin da ke aikin. Ya fara da wankin injuna, daga baya aka ba shi tuƙin katafila, ya kama ɗaki a Talata Mafara. Ni dai na ji daɗi, ban kuma ɓoye ba, don ni ba ni da kunyarsa. Duk wadda ta zo sayen daddawa sai ta ji labarin kafin in ƙulle mata.

Daga nan aka ce za a baje gonakinmu a daidaita su, don ruwan dam ya riƙa bi ta ko'ina. Aka hana shuka. Gonar da tsohonmu ya bari tana hannun Barau, a cikinta kuma akwai itatuwan ɗorawa da suka girme mu duka. Kalwarsu nake dafawa in yi daddawar da nake kaiwa kasuwar Talata. Maza suka yi taro suka ce ba a taɓa musu gona sai an zauna da su. Barau da bakinsa ya ce, a ƙofar masallaci, sai dai katafila ta bi ta kansa.

Ranar da aka zo, da hantsi, ina cikin matan da suka tsaya a bakin gona. Barau yana gaba da fartanya a kafaɗa, maza na bayansa. Katafila ta taho tana girgiza ƙasa, direban ya naɗe fuska da rawani saboda hayaƙi. Ta zo daf da Barau ta tsaya cak. Direban ya sa hannu ya janye rawanin, sai ga Nasidi.

Abin da na gani da idona shi ne wannan. Barau ya kau da kai, ya ratse gefe, daidai yadda yake yi in sun gamu a hanyar kasuwa. Mutanen da ke bayansa suka ga mai gona ya kauce, sai suka dare suna gunaguni. Katafila ta daɗe a tsaye tana ruri, sannan ta motsa. Kafin la'asar saiwoyin ɗorawa suna kallon sama.

Gari ya ɗauka cewa Barau sun haɗa baki da ɗansa. Barau ya daina zama majalisa, sallah ma sai ya laɓaɓa ya tsaya a sahun baya. Saƙonsa kuwa kullum guda ne. "Yaya, a hwaɗa ma ɗan naki shi yak kashe gonar kakanai, ya kuma kashe ni da raina." In na kai Mafara na faɗa, sai Nasidi ya ce, "Gwaggo, ai shi yab ba ni hanya. A gaban kowa yab ba ni." In dawo da wannan, a sake ɗora mini wancan. Na yi ta safa da baƙar magana har ƙafata ta gaji, ba wanda ya motsa daga inda yake.

Wata Talata ina kasuwa wani mutum mai farar taguwa ya durƙusa ya gaishe ni. Malam Markus ne, malamin firamare, mutumin kudancin Zariya, gidan haya ɗaya suke da Nasidi. Bayan mun gaisa ya ce, "Gwaggo, ko Nasidi ya gaya miki? Kamfani zai kwashe wasu injuna zuwa wani aiki a kudu. Nasidi ya ce a tafi da shi. Bayan Juma'a za su tashi, ya kuma ce mini ba shi da niyyar dawowa."

Yaron nan ni na goya shi, ni na yi jinyar ƙyandarsa, ban haifi namiji ba sai shi da aka ba ni. A ce ya tafi ke nan a kan maganar da ni kaina na kasa gane kanta? Na zauna a kan buhun wani mai albasa ba tare da na nemi izini ba.

Malam Markus ya ce in na yarda zai janyo Nasidi su zo gida, yana da wata hanya da yake sasanta mutane. Na tambaye shi su wa ya taɓa sasantawa. Ya ce yaran makarantarsa, da shi da matarsa in sun saɓa. Na dube shi sama da ƙasa. Dattawan Garbadu sun gwada sun kasa, sai mai raba faɗan 'yan aji? Amma ba ni da wata dabara a hannu, sai na ce Allah ya kawo su.

Ran Alhamis bayan azahar muka haɗu a zauren Barau. An yi gaisuwa mai tsawo, an tambayi gajiya da iyali da makaranta da zafi, duk tsakanin Barau da baƙon. Nasidi ya durƙusa ya gaida ubansa, uban ya amsa wa bango. Yaron ya koma bakin ƙofa ya tsaya, ya ƙi zama. Ni na zauna a tsakiya, inda na saba.

Malam Markus ya gyara murya ya ce, "Yau ba neman mai laifi muka zo ba."

"To mi munka zo yi?" in ji ni.

"Kowa zai faɗi abin da ya ji a cikinsa, shi kaɗai. Kada kowa ya ɗora wa wani kaya. Mutum ya ce: da abu kaza ya faru, ga abin da na ji, ga kuma abin da nake so yanzu. Shi ke nan."

Na dubi Barau, Barau ya dubi tabarma. Sulhu ba mai laifi, ni a wurina tuwo ne ba miya, ban ga ta inda za a haɗiye shi ba. Amma na kama bakina.

Barau ya fara. "Yaya, a hwaɗa ma ɗan naki shi ad da laihi tun daga..."

"Baba, a yi haƙuri," in ji Malam Markus. "Wannan kayansa ne. Naku muke so."

Barau ya sha kunu. Ya murza gemu, sannan ya ce, "To, ni dai abin da nij ji a raina shi na, yaron ga ba shi da mutunci."

"Baba, wannan ma hukunci ne, riga kawai kuka sa masa."

"Ikon Allah! Ka ce in hwaɗi abin da nij ji, na hwaɗi, ka ce ba shi na ba. Kai ka san cikina ko ni?"

Malam Markus ya share gumi. Ya juyo wurina da murmushi ya ce, "Gwaggo, ko za ki nuna musu yadda ake yi?"

Wannan kuwa mai sauƙi ne, na ce a raina. Na gyara zama na ce, "Ni abin da nij ji, ku duka biyu kun ɓata min rai. Kai Barau da taurin kai awa na ubanmu, kai ko Nasidi da..."

"Gwaggo," in ji Malam Markus.

"Mi kuma?"

"Cire su daga ciki. Ke kaɗai."

Raina ya ɓaci. Yaron da bai girmi Nasidi da wasu shekaru ba yana gyara mini magana a zauren gidanmu! Na buɗe baki in gaya masa wadda zai tafi da ita Mafara, sai na tuna da motar da za ta tashi bayan Juma'a, na haɗiye. Na gwada cire Barau daga maganar, na cire Nasidi, na duba abin da ya rage, wallahi ban ga komai ba. Duk maganar da na iya a duniya tana da wanda ake jifa da ita. Na yi tsuru-tsuru, mutum uku suna jirana, ni da ba a taɓa jira in yi magana ba.

Can sai na ji bakina yana cewa, "Ran Talata na sayi kalwa hannun wata 'yar Bakura. Tun da nike ban taɓa sayen kalwa ba. Da tam miƙo min, sai nij ji awa baƙuwa cikin kasuwar. Na ji kunya. Na kuma ji kewar tsohonmu, awa ranar anka rufe shi." Hawaye suka zubo mini, abin ya ƙara ba ni haushi, na goge da bakin zane da ƙarfi. "Abin da nika so ko, kada a raba ni da ɗana."

Ni kaina ban san wannan maganar tana cikina ba, na ɗauka fushi ne kawai a ciki.

Malam Markus ya ce, "Nasidi."

Yaron ya fara magana yana kallon ƙasa. "Da sahe anka ce gonar ga za a yi. Wanda anka ba aikin mutum na mai zahin hannu, ba shi jin Hausa, ba shi tsayawa. Na san mutane na nan tsaye. Shi na nic ce a ba ni."

Ban taɓa jin wannan ba. Na ce, "To mi yah hana ka hwaɗi tuntuni?"

"Ba a tambaye ni ba, Gwaggo."

Malam Markus ya ɗaga mini hannu, na yi shiru ba don na so ba.

"Da nit tsaya," in ji Nasidi, "na ɗebe rawani don a gan ni. Jira nika yi a ce min sauko. Kalma guda. Da an ce, wallahi da na kashe inji na sauko, su riƙe aikinsu. Ina nan ina jira, sai anka juya min baya."

"Me ka ji a lokacin?" in ji Malam Markus.

"Na ɗauka an ba ni hanya."

"Wannan abin da ka ɗauka ne. Me ka ji?"

Nasidi ya cije leɓe. "Na ji ni ba kowa na ba. Ko ranar da gona za ta tahi, ban kai a yi min magana ba. Na ji zuciyata ta yi baƙi. Sai nis sa ma injin giya."

Kaina ya sake ɗaurewa. Duk safar da na yi, abin da yake aiko ni da shi ke nan, an ba shi hanya. Ashe ba hanyar ce ta dame shi ba. To yanzu in ce wa ke da laifi? Yaron da ya karɓi aikin don kada a taka mutane, shi ne kuma ya tumɓuke ɗorawar don haushi. Na dubi Malam Markus ko zai yanke, shi kuwa Barau yake kallo.

"Baba, lokacin da ya janye rawani kuka ga fuskarsa fa?"

Barau ya juyo wurina. "Yaya, a hwaɗa mai..." Sai ya tsaya. Ya sake farawa. "A hwaɗa mai ni ban ba shi hanya ba. Ban ko juya mai baya ba. Ƙahwata ta tak kauce. Tun shina goye taka kauce mai, ranar ma ban aike ta ba."

"Me kuka ji a ranku?"

"Ban sani ba."

Na lura hanyar Malam Markus ba ta tanadi wurin ajiye ban sani ba. Ya fara lalube kamar mai neman allura a tabarma. "Fushi ne, Baba?"

"A'a."

"Tsoro? Ko kun ji tsoron mutane su far masa?"

"Wannan daga baya yaz zo."

"Baƙin cikin gona?"

"Shi ma daga baya."

Malamin ya dube ni, ni ma na dube shi. Ya ƙare kayan da ya zo da su, gumi ya jiƙa masa wuyan taguwa. Nasidi ya gyara tsayuwa ya kalli hanya, na ga alamar tafiya zai yi. Na ji kamar in kama Barau in girgiza shi. Na ce, "Barau, don girman Allah, mota za ta tashi da yaron ga. In akwai magana cikinka ka hiddo ta, ko wace iri ta."

"In na hwaɗi za a ce na taɓu."

"An daɗe da cewa. Hwaɗi."

Ya sunkuyar da kai har gemunsa ya taɓa ƙirji. "Ni ban taɓa ganinai bisa abin ga ba. Labari nika ji ga mutane. Ranar nig ga ƙaton ƙarhen ga ya taho awa tsauni, ƙasa na rawa, yaz zo yat tsaya cak gabana, ko taki bai ƙara ba. Nid duba nig ga ɗan da nih haihwa na bisa, shi yat tsai da shi da hannu guda." Ya ɗan ɗago ya dube ni. "Daɗi nij ji, Yaya. Gonata anka zo kashewa, jama'a na bayana, na yi rantsuwa ƙohwar masallaci, ni ko daɗi nij ji har cikin kaina. Na ji huskata za ta nuna. Uba shi tsaya gaban gari shina washe baki don ɗan hwari? Shi na nik kau da kai kada a gani. Kahin in dawo hankalina mutane sun watse."

Na rasa dariya zan yi ko kuka. Gonar tsohonmu, da ɗorawar, da mutuncin Barau a gari, duk sun tafi a kan mutum ya ɓoye murmushi. Na so in zage shi, na nemi zagin na rasa ta inda zan kama. Malam Markus ma ya saki baki, ya manta da cewa shi ke jan zaman.

Nasidi ya juyo daga bakin ƙofa. Yana kallon ubansa kamar bai taɓa ganinsa ba. Ya ce, "Daɗi?" Ba da kowa yake ba.

Da ƙyar malamin ya tuna sauran hanyar tasa. Ya ce a hankali, "Saura abu ɗaya, Baba. Me kuke so yanzu?"

Barau ya juyo wurina kamar kullum, ya buɗe baki. Ni kuwa na tashi da tabarmata na koma jikin bango, na bar tsakiyar fili. Na ce, "Na gaji da aike. Ga shi nan gabanka."

Ya harare ni. Ya dubi ƙofar cikin gida, ya dubi rufin zaure, ya dubi baƙon, ba inda bai duba ba. Daga ƙarshe ya ɗaga kai. Bai iya kaiwa ga fuskar yaron ba, a ƙirjinsa idon ya tsaya, amma da shi yake magana, ba da ni ba.

"Ni ban iya kallonka ba," in ji shi. "Amma duk ranar da kaw wuce, bayanka nika bi da ido har ka sha kwana. In ka tahi kudu, ba ni da bayan da za ni kallo."

Ba wanda ya ba wani haƙuri. Ba a ce wane ne mai laifi ba, har yau kuma in aka tambaye ni ba ni da amsa. Nasidi dai ya daɗe a tsaye. Sai a lokacin na lura tun shigowarsa bai cire takalmin aiki ba, irin na mai shirin juyawa. Ya sulale ya zauna a dokin ƙofa, ya sunkuya ya fara kwance igiyar takalmin, har ta ƙulle masa. Barau ya zuba masa ido yana kwancewa, bai kau da kai ba.